Yadda za ki saƙa riga marar hannu ta lokacin zafi ba tare da ta yi nauyi ko ta saki ba

Tambaya: Na iya saƙar kwarashi daidai gwargwado, na saba yin hula da kayan jarirai. Na gwada saƙa wa kaina riga marar hannu, irin mai igiya a kafaɗa, don in riƙa sawa lokacin zafi. Na yi amfani da zaren auduga mai kauri da kwarashi mai milimita 4. Rigar ta fito da tauri da nauyi, ta fi ta kanti zafi, kuma bayan wanki biyu igiyoyin suka saki har wuyan ya sauko. Ina matsalar take, kuma ta ina zan fara idan zan sake?

Amsa: 'Yar'uwa, hannunki ba shi da laifi. Abin da ya faru shi ne kin ɗauko dabarar saƙa hula kin kawo ta kan riga. Hula tana son saƙa mai ƙarfi, a matse, don ta tsaya da kanta a ka. Rigar zafi kuwa so ake ta zubo a jiki, iska ta ratsa ta, mai sanye da ita ta manta da ita. Duk matsalolin nan uku da kika lissafa, wato tauri da zafi da sakin igiya, tushensu ɗaya ne: zare ya yi yawa a cikin rigar. Idan kika rage nauyin, sauran za su gyaru kusan da kansu.

Ki fara da sanin cewa kwarashi, a yanayinsa, kauri yake bayarwa. A saƙar allura biyu, madaukai kwance suke, ɗaya na riƙe da ɗaya. A kwarashi kuwa kowane ido ɗan ginshiƙi ne da zare ya nannaɗe, shi ya sa idan aka ba mata biyu zare iri ɗaya, mai kwarashi za ta fi cin zare kuma ƙyallenta zai fi kauri. Rigar kanti da kike kwatantawa da ita inji ne ya saƙa ta da zare siriri ƙwarai. Saboda haka zaren da zai yi wa mai allura biyu daidai, ke sai kin sauka mataki ɗaya ko biyu ƙasa da shi kafin ki samu irin laushin da ta samu.

A jikin takardar da ke naɗe da zare sau da yawa za ki ga lamba daga 0 zuwa 7, tsarin da ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka ta fitar. Lamba 0 shi ne mafi siriri, 7 mafi kauri. Daga bayaninki, lamba 4 kika ɗauka, wanda aka fi yin jaka da bargo da tsumman goge kwano da shi. Rigar zafi tana son lamba 1 ko 2, in an matsa 3. Idan babu lamba a takardar, ki duba tsawon zaren da nauyinsa, wannan ma ya fi lambar gaskiya. Zaren da ke ba da mita 400 ko kusa da haka a giram 100 siriri ne, lamba 1. Mai mita 300 yana wajen lamba 2. Mai mita 220 zuwa 250 lamba 3 ne. Da kin ga ƙasa da mita 200 a giram 100, ki ajiye shi, ba na wannan aikin ba ne. Riga ta babbar mace da zaren lamba 4 tana iya haura giram 400. Wadda aka yi da lamba 2 a saƙa mai huda ba ta cika wuce rabin haka da yawa ba. Duk wannan bambancin a kan igiyoyi biyu na kafaɗa yake rataye.

Na san abin da ke hana mutane siririn zare: aikin ba ya sauri. Gaskiya ne. Amma riga marar hannu ƙaramin aiki ce, babu hannu, babu kwala, kuma dogon ido, wato wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, yana cinye tsayi da wuri. In dai akwai rigar da ta cancanci a yi mata haƙurin siririn zare, to ita ce.

Sai irin zaren. Auduga ta yi, domin tana shan gumi ta sake shi, kuma ƙarfinta ƙaruwa yake idan ta jiƙe, don haka tana jure wanki. Aibinta biyu: tana da nauyi, kuma ba ta da tsalle. Gashin tunkiya idan aka ja shi yana komawa mazauninsa, auduga kuwa idan ta miƙe ta miƙe, sai dai wanki ya ɗan dawo da ita. Akwai auduga mai sheƙi, wadda aka tsoma a ruwan soda mai ƙarfi. Wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, shi ya gano wannan dabarar a 1844, daga baya aka gane cewa idan aka ɗaure zaren a miƙe lokacin tsomawar yana fitowa da ƙyalli. Irin wannan ta fi santsi, ta fi riƙe launi, ba ta yawan fitar da gashi, kuma ido yana fitowa tsaf. Sai dai ta fi auduga ta asali ɗan tauri a hannu. Ni dai ita nake zaɓa idan saƙar mai ado ce, in kuwa saƙar fili ce nakan fi son marar sheƙin saboda taushinta.

Lilin ya fi auduga sanyi a fata kuma ya fi ta saurin bushewa. Yana da kaushi lokacin saƙa, har yatsa kan yi ja, amma kowane wanki laushi yake ƙara masa. Zaren da aka gauraya auduga da lilin, a ganina, shi ne sarkin wannan aiki. Zaren da ake cewa na gora ne kuma, wato bambu, yawancinsa itacen gorar ne aka narkar da sinadari aka mayar da shi zare, wato biskos. Yana da taushi da zubi mai kyau, amma yana raunana idan ya jiƙe kuma ya fi auduga saki. Idan za ki saye shi, ki nemi wanda aka haɗa da auduga rabi da rabi. Akirilik, wato zaren roba da aka saba yin kayan jarirai da shi, ba shi da nauyi amma kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, gumi sai ya zauna tsakaninsa da fata. Kaɗan daga cikinsa a gauraye da auduga yana rage nauyi, wannan ba laifi. Zallansa kuwa ba na zafi ba ne.

Ki sayi zaren gaba ɗaya a lokaci guda, ki kuma duba lambar rini a jikin kowane dunƙule ta zama ɗaya. Bambancin rini ba ya fitowa a hasken ɗaki, sai an shiga rana.

Kwarashi shi ne abu na biyu. Zaren lamba 4 ana ba shi milimita 5.5 zuwa 6.5 a ƙa'ida, ke kuma kin yi da milimita 4, shi ya sa ƙyallen ya tsaya ƙiƙam sai ka ce tabarma. Ga riga, ki ɗauki abin da takardar zaren ta ce ki ƙara rabin milimita ko ɗaya. Zaren lamba 1 yana tafiya da kwarashi mai milimita 3 zuwa 3.5, lamba 2 kuma da 3.5 zuwa 4.5. Kada ki wuce gona da iri: idan kwarashi ya yi girma fiye da kima, idanu za su fito a sake, marasa fasali, rigar kuma ta yi ta tsawo ba iyaka. Wani abu da za ki lura da shi a auduga shi ne rabewar zare a bakin kwarashi. Yawancin zaren kanti an murɗe shi ne ta ɓangaren da hannun mai kwarashi na dama ke warwarewa a hankali yayin naɗi. Kwarashi mai ɗan dakushin kai da zare mai murɗi sosai suna rage wannan wahalar.

Kafin mu je ga irin saƙar, ga wani tarko da ke cikin rubutattun tsare-tsare. Gajeren ido, wanda ake soka kwarashi kai tsaye ba naɗi, Amurkawa suna ce masa singil, mutanen Ingila kuma dabul. Dogon ido mai naɗi ɗaya, shi ne dabul a Amurka, tirebul a Ingila. Idan kika bi tsarin Ingila da fahimtar Amurka, rigarki za ta ninka tsayin da aka nufa. Da kin ga kalmar singil a tsari, to na Amurka ne, domin Ingila ba ta amfani da ita. Ni a nan gajere da dogo kawai zan ce.

Gajeren ido zalla, layi bayan layi, shi ne mafi kauri da cin zare. Ki bar shi ga igiya da gefe. Idan kina son jiki a rufe amma mai laushi, ki yi gajere ɗaya, sarƙa ɗaya, ki tsallake ido ɗaya, a layi na gaba kuma ki riƙa soka gajeren a cikin gurbin sarƙar. Wannan saƙar tana zubowa sosai kuma ba ta nuna jiki, sai dai tana da jinkiri. Idan kina son sauri da iska, ki yi dogo, sarƙa ɗaya, dogo, duka a gurbi ɗaya, ki tsallake biyu, ki maimaita. Tana fitowa da siffar baki buɗe zuwa sama, kuma kowane layi ana soka shi a tsakiyar na ƙasa. Raga kuma, wato dogo ɗaya sarƙa ɗaya, ta fi kowacce sauƙin nauyi amma komai a bayyane yake, sai da shimi ko shafi a ciki, kuma kin ga an koma gidan jiya wajen zafi. Abin da na fi ba da shawara shi ne a raba aikin: daga ƙirji zuwa sama a yi saƙa rufaffiya, daga ƙasan ƙirji zuwa bakin riga a yi mai huda. Ta haka nauyin da ke jan rigar ƙasa ya ragu, sama kuma ta samu ƙarfin riƙewa. Ki tuna kuma cewa inda iska ta shiga rana ma tana shiga, saƙa mai huda ba ta kare fata daga ƙuna.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi ba hankalinki, domin a nan ake cin riga ko a faɗi: ƙyallen gwaji. Mutane da yawa suna tsallake shi, waɗanda suka yi ma sukan saƙa ɗan guntu su auna shi a kan cinya su wuce. Wannan bai isa ba ga auduga. Ki saƙa murabba'i mai santimita 15 kowane gefe, da zaren da kwarashin da irin saƙar da za ki yi rigar da su. Ki auna tsakiyarsa, santimita 10, ki ƙirga ido nawa ne a kwance, layi nawa ne a tsaye, ki rubuta. Gefe ba a auna shi, kullum ƙarya yake yi. Sannan ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe sarai. Bayan ya bushe, ki rataye shi ta gefen sama, ki maƙala masa abin maƙale shanya uku ko huɗu a ƙasa, ki bar shi ya kwana. Wannan nauyin yana kwaikwayon jan da sauran rigar za ta yi. Da safe ki sake aunawa. Awo na biyun nan shi ne gaskiyar rigarki. Galibi za ki tarar tsayi ya ƙaru, faɗi ya ɗan tsuke. Idan santimita 10 ta koma 11, to rigar da kika saƙa mai tsayin 50 za ta koma 55 a jiki, ramin hammata mai 18 kuma ya kusa 20. Abin da ya sauko miki da wuya ke nan.

Ki kuma ɗaga ƙyallen ki ɗora a bayan hannunki. Idan ya lanƙwasa ya bi hannun, ya yi. Idan ya tsaya, ki ƙara girman kwarashi ki sake. Gara ki ɓata yamma ɗaya a nan da ki warware rabin riga.

Daga wannan ƙyallen za ki fitar da lissafin komai. Bari in ba ki misali da lambobi, ke kuma ki sa naki. A ce faɗin ƙirjinki a zagaye santimita 96 ne. Rigar zafi ba a son ta manne, ki ƙara 5 zuwa 10 don iska, mu ce 8. Ya zama 104. Gaba da baya kowanne 52. A ce gwajinki bayan wanki ya ba da ido 18 a santimita 10, wato 1.8 a kowace santimita. 52 sau 1.8 ya ba da 93.6, sai ki cike zuwa 94. Sannan ki duba ko lambar ta dace da irin saƙar. Wadda ake tsallake biyu tana maimaituwa ne a kan ido uku uku, da ƙarin ɗaya a ƙarshe, kuma 94 ta dace, domin 31 sau 3 da ɗaya ke nan. Idan ba ta dace ba, ki matsa zuwa lamba mafi kusa, sama ya fi ƙasa.

Yawan zare ma daga nan yake fitowa. Ki ɗora ƙyallen a ƙaramin sikeli. A ce ya yi giram 9, faɗinsa kuma 15 sau 15, wato 225. Jikin riga daga hammata zuwa ƙasa, 104 sau 35, ya ba da 3,640. Saman gaba da na baya su biyun a ƙiyasta 1,300. Jimla 4,940. Raba da 225, ya ba da kusan 22. Sau giram 9, ya kusa giram 200. Ki ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don gefe da igiya da abin da zai salwanta, sai ki nemi giram 230 ko dunƙule biyar masu giram 50. Idan lissafinki ya haura 300 a matsakaicin jiki, ki sake duba zaren ko saƙar, nauyi na nan tafe.

Game da gini, ina goyon bayan yanki biyu, gaba da baya, a haɗa su ta gefe. Na san saƙa a zagaye ta fi daɗi tunda babu ɗinki, amma ɗinkin gefe aiki yake yi: shi ne ke hana auduga miƙewa yadda ta ga dama. Kuma idon kwarashi kansa ba ya zama daidai bisa ƙafarsa, yana ɗan karkata gefe guda, saboda haka idan aka yi ta zagaye ta fuska ɗaya, rigar kan murɗe a hankali har gefenta ya leƙo gaba. Idan dole sai zagaye, ki riƙa juya aikin a ƙarshen kowane zagaye, karkatar ta kashe juna.

Sarƙar farko takan fi sauran saƙar matsewa, sai bakin riga ya ƙi wuce kafaɗa ko ya tattare a ƙugu. Ki yi ta da kwarashin da ya fi na aikin girma da rabin milimita ko ɗaya, sannan ki koma na asali. A farkon kowane layi, sarƙa ɗaya ake yi don gajere, uku don dogo. Idan ukun tana bar miki rami a gefe, ki yi biyu kawai kada ki ƙirga ta a matsayin ido, gefen zai fi tsabta kuma ɗinki zai fi sauƙi. Ki ƙirga idanunki duk bayan 'yan layuka. Ido ɗaya da ke ɓacewa a gefe ba a ganinsa sai an yi nisa.

Idan kin kai hammata, ki tsaya santimita kaɗan kafin tsayin da kike so, gwargwadon abin da gwaji ya nuna miki zai ƙaru. Sai rage faɗi. A misalinmu, faɗin ƙirji daga gaban hammata zuwa gaban hammata a ce 34 ne, wato ido 62. Daga 94 za a cire 32, kowane gefe 16. Kada ki cire su a tashi ɗaya, ramin zai fito da kusurwa. Ki bar 7 kowane gefe a layin farko, ta hanyar bi ta kansu da idon haɗi, wato ɗan idon nan marar tsayi da ake rufe zagaye da shi. Sauran 9 ki rage su ɗaya ɗaya a kowane layi ta hanyar haɗe dogo biyu su zama ɗaya. Hakan zai ba ki lanƙwasa mai bin jiki. Zurfin ramin hammata ga yawancin manya yana tsakanin 17 da 21, amma abin da ya fi tabbas shi ne ki shimfiɗa wata riga marar hannu da ke zauna miki daidai ki auna nata. Kuma ki yi shi ƙasa da awon kaɗan. Ramin da ya yi ƙanƙanta auduga za ta buɗe shi da kanta, wanda ya yi girma kuwa ba ya komawa.

Mai cikar ƙirji tana da ƙarin aiki ɗaya. Idan gaba da baya faɗinsu ɗaya ne, gaban zai ɗage, bayan ya yi yawa. Ki ɗauke santimita 2 ko 3 daga baya ki ƙara wa gaba, kuma ki ba gaban ƙarin layi biyu ko uku a tsakiya waɗanda ba su kai gefe ba, ki juya kafin ƙarshe. Haka bakin rigar zai daidaita a zagaye.

Wuya mai kusurwa huɗu shi ne mafi sauƙi: ki tsaya a layi miƙaƙƙe, igiyoyi su tashi daga gefe biyu. Mai tsini zuwa ƙasa kuma ana raba gaban biyu ne a tsakiya, a riƙa rage ido ɗaya ta gefen wuya. Kowanne kika zaɓa, ki ɗaga shi sama da inda kike so ya zauna da kamar santimita 2.

Igiya ita ce ta ba ki kunya, don haka bari in daɗe a kanta. Yawancin mutane suna ci gaba ne daga saman riga da ido huɗu ko biyar, suna juyawa, layi bisa layi, har igiyar ta yi tsawo. Wannan ita ce hanya mafi saki, domin ƙyallen kwarashi ya fi miƙewa ta tsaye, kuma kin sa dukan nauyin rigar yana ja ta wannan fuskar. Ki juya dabarar. Ki yi sarƙa mai tsawon igiyar gaba ɗaya, ki bi ta da gajeren ido layi uku zuwa biyar, yadda layukan za su kwanta a tsawon kafaɗa. Ki yi wannan da kwarashin da ya fi na jiki ƙanƙanta, nan ne kaɗai wurin da matsewa ke da amfani. Ki rufe gefe biyu da layin idon haɗi, wanda kusan ba ya miƙewa. Faɗin santimita 2.5 zuwa 4 ya fi siririya, yana raba nauyi, ba ya cin kafaɗa, kuma yana rufe igiyar rigar mama. Tsawon igiyar kuma ki yi shi ƙasa da awonki da santimita 2 ko 3. Idan rigar doguwa ce ko zaren na gora ne, ki ɗinka siririn ƙyalle marar miƙewa a ƙarƙashin igiyar da allura da zaren ɗinki, ba mai gani.

Kada ki ɗinke igiyar ta baya nan take. Ki kafa ta ta gaba, ta baya kuma ki riƙe da fil, ki sa rigar ki yi zirga-zirga da ita na 'yan awanni. Inda ta zauna bayan nan, a nan za ki ɗinke. A baya ki ɗan matso da igiyoyin kusa da juna fiye da yadda suke a gaba, hakan yana hana su zamewa daga kafaɗa. Tsohuwar rigar ma za ki iya ceto ta da wannan: ki warware igiyoyin, ki sake su a kwance kuma gajeru. Zafinta dai ba zai tafi ba.

Bayan ɗinkin gefe, ki zagaye wuya da hammata da gajeren ido layi ɗaya ko biyu, da ƙaramin kwarashi. A gefen dogon ido ana sa gajere biyu, a gefen gajere ana sa ɗaya. Idan gefen ya fara yin tattara kamar fure, idanun sun yi yawa, ki rage. Idan yana jan ƙyallen ciki, sun yi kaɗan. A lanƙwasar hammata ki haɗe biyu a wuri ɗaya ko biyu don ya kwanta a jiki, ba ya hangame ba. Bakin ƙasa kuwa ki bar shi da sauƙi. Geza da ado mai kauri a can ƙasa nauyi ne kawai kike ƙara wa kafaɗa.

Bakin zare a auduga yana da zamewa, ba ya kama ɗan'uwansa yadda gashin tunkiya ke yi. Ki bar jela mai santimita 15, ki bi da ita cikin saƙa da allura ta fuska ɗaya, ki dawo, ki sake komawa, kina ratsa tsakiyar zaren da ke wurin ba gefensa kawai ba. Sabon dunƙule ki fara shi a gefe, inda ɗinki zai ɓoye shi. Ƙulli a tsakiyar gaba ko ya kwance ko ya leƙo.

Idan an gama, ki jiƙa rigar a ruwa mai sanyi da ɗan sabulu marar ƙarfi na minti 15 zuwa 20. Launi mai duhu yakan zuba a wankin farko, ki ware shi. Kada ki murɗe ta, kuma kada ki ɗaga ta ta kafaɗa tana ɗigar ruwa, a wannan lokacin ne ta fi nauyi kuma ta fi saurin miƙewa. Ki tallabo ta gaba ɗaya, ki naɗe cikin tawul ki danna, sannan ki shimfiɗa a inuwa ki gyara ta da tef zuwa awon da kika lissafa. Auduga da lilin suna jure tururin dutsen guga, amma idan akwai akirilik a zaren kada ƙarfen ya taɓa shi, yana narkewa ya mutu, ba ya dawowa. A injin wanki sai cikin jakar raga, a kan wanki mai sauƙi. Wajen ajiya ki ninke ta, kada ki rataye. Idan ta ɗan yi tsawo bayan an sa ta sau biyu ko uku, wanki da shanya a kwance za su dawo da mafi yawan abin da ya tafi, kuma idan igiya ta ƙara santimita ɗaya a watan farko, ki kwance ɗinkin baya ki rage ta.